Karofin Ƙasarmu da Lissafin da Ya Durƙusar da Shi

Duk wanda ya zauna ajin Kemistiri zai tuna da lissafin nan na amfanin da ake samu cikin ɗari. Idan alƙalami ya ce haɗin sinadarai zai ba da giram 10, amma a zahiri aka samu giram 6, to amfanin ya tsaya a kashi 60 cikin 100. Ni da na tashi a Unguwar Hajji, ina ganin babu inda wannan darasi ya fi dacewa da mu kamar tarihin rini a ƙasar Karaye da Rogo.

A ƙarni na 19 ƙasar Kano ta yi fice wajen rinin baba. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma ba birni kaɗai ke wannan aiki ba. Binciken da Philip Shea, masanin tarihi na Jami'ar Bayero, ya kammala a 1975 ya nuna cewa garuruwan karkara irin su Kura da Dal da Zarewa, wadda ke ƙaramar hukumar Rogo a yanzu, sun riƙe babban kaso na sana'ar.

To, mene ne sirrin marinan? Ganyen baba ba shi da shuɗi tun asali. Abin da ke cikinsa wani sinadari ne da ake kira indikan, wanda sai ya ruɓa ya gamu da iska sannan ya zama shuni. Shunin kuma ba ya narkewa a ruwa, sai ƙwayoyin bakteriya sun sauya shi a cikin ruwan toka kafin ya shiga zare. Da an tsamo zane ya sha iska, sai a ga ya tashi daga kore ya koma shuɗi.

A kowane mataki ana iya yin asara. In toka ta yi kaɗan, shuni ya kwanta a ƙasa. In ta yi yawa, ta hana ƙwayoyin aiki. Sanyin hunturu yana jinkirta nunar karofi. Yawan motsawa da muciya yana cusa iska, shuni ya daskare tun bai kama zane ba. Baba mai ƙasa da tsakuwa kuwa nauyi ne ba amfani. Waɗannan su ne abubuwan da aka koya mana: yawan sinadari, zafi, lokaci, tsabtar kayan haɗi, da haɗuwar gefe mai cinye kaya. Marini ba shi da ma'auni, amma idonsa da hancinsa suna gaya masa.

Kakanninmu ba su tsaya nan ba. Sun bar rini a tukwane suka koma haƙa rijiyoyi masu zurfi, suna shafe su da laso, wato haɗin ƙonannen katsi da gashin jima da dafara. Babbar rijiya tana riƙe ɗumi, tana ɗaukar kaya da yawa, kuɗin rina kowane zane ya ragu. Katsin da ya kwanta ma ba a zubar da shi. Da haka rawani ɗan Kura da turkuɗi suka mamaye kasuwannin Buzaye.

Abin mamaki, wannan lissafi shi ne ya juyo kanmu. A Jamus, Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1880, amma hanyarsa ta yi tsada. Hanyar farko da Karl Heumann ya fito da ita a 1890 tana buƙatar zafin kusan digiri 300, wanda ke lalata yawancin abin da aka haɗa. Kamfanin BASF ya shafe shekaru yana gyara kafin ya kai shuninsa kasuwa a 1897. A 1901 Johannes Pfleger ya gano sinadarin da ya sauko da zafin zuwa kusan digiri 200, amfani ya ƙaru ƙwarai, farashi ya faɗi. Kafin 1914 cinikin baban Indiya ya durƙushe. Mu kuma jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, kayan Turai suka riƙa kwararowa. Sannu a hankali rinin zamani, mai kamawa cikin mintoci a cikin durom, ya maye gurbin karofin da ke ɗaukar kwanaki kafin ya nuna.

Ra'ayina shi ne, ba rashin gwaninta ya kayar da marinanmu ba. Waɗancan sun auna asararsu, sun rubuta, sun yi ta ragewa shekara da shekaru. Namu ilimin yana ƙirjin dattawa, yana bin su kabari. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ina kira ga malaman kimiyya da ke cikinmu su kai ɗalibai wurin marinan da suka rage, ko da na Ƙofar Mata ne, da ma'aunin zafi da littafi a hannu, tun kafin a nemi mai bayani a rasa.