Ka Saya da Kuɗinka, Makulli na Hannun Wani: Tarihin Rigimar Wasannin da Ba Sa Buɗuwa Sai da Intanet

Maƙalarmu ta wannan mako za ta leƙa duniyar wasannin kwamfuta, inda aka shafe fiye da shekara ashirin ana ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: idan mutum ya sayi wasan da zai buga shi kaɗai, babu abokin karawa, da wane dalili kamfani zai ce wasan ba zai buɗu ba sai da intanet? Kada wani ya ce wannan zancen yara ne. A ƙarƙashinsa akwai batun da ya shafi duk mai ƙirƙirar abu ya sayar, wato yadda zai kare guminsa daga ɓarayi ba tare da ya muzguna wa mai saye ba.

Satar fasaha ta girmi intanet. A shekarun 1980, lokacin da wasanni ke zuwa a kaset da faifan flofi, yaro ɗaya zai saya, ajinsu duka su kwafa. Sai kamfanoni suka koma ga takarda, saboda a wancan zamani ta fi faifai wuyar kwafa. Wasa zai tsaya ya ce ka buɗe littafin da ke cikin kwali, shafi kaza, layi kaza, ka rubuto kalma ta uku. Wasan The Secret of Monkey Island na 1990 ya zo da wani faifan kwali da ake juyawa a haɗa fuskokin 'yan fashin teku don samun amsa. Da faifan CD ya shigo, aka koma ga dogayen lambobi da ake bugawa a jikin kwali. Duk waɗannan dabaru suna da takura, amma abu guda ya haɗa su: makullin yana hannun mai saye. Ko kamfanin ya rushe gobe, wasanka yana nan.

Abin ya fara sauyawa ranar 16 ga Nuwamba, 2004, da kamfanin Valve na Amurka ya fitar da Half-Life 2. Wasan mutum ɗaya ne, amma ko a shago ka sayi faifansa, sai ka yi rajista da manhajar Steam ta tabbatar da kai ta intanet kafin ya buɗu. A ranar farko manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira saba, suka kasa ɗaukar jama'a, mutane suka zauna da faifai a hannu suna jira. An yi ƙorafi, amma da yake tabbatarwar ta farko ce ta fi muhimmanci, kuma Steam na da hanyar wasa babu intanet, a hankali aka haƙura.

Daga nan wasu kamfanonin suka ƙara gishiri. A 2008 Electronic Arts, wato EA, ya yi shirin cewa Mass Effect na kwamfuta zai riƙa neman tabbaci duk bayan kwana 10, sai da aka yi masa ca sannan ya janye. A watan Satumba na shekarar ya fitar da Spore da sharaɗin sau uku kacal za ka iya ɗora shi a kan kwamfuta. Masu saye suka yi masa ruwan tauraro ɗaya a Amazon, wasu suka kai ƙara kotu, kamfanin ya ɗaga adadin zuwa biyar. Su kuwa masu kutse, tun kafin wasan ya shiga kasuwa sun fasa kwadon, har shafin TorrentFreak ya sa Spore a matsayin wasan da aka fi sacewa a 2008. Wanda ya sata yana ɗorawa sau nawa ya ga dama, wanda ya biya yana ƙirga saura nawa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Kamfanin Ubisoft na Faransa ne ya kai abin ƙarshe. A watan Maris na 2010 ya fitar da Assassin's Creed II na kwamfuta da Silent Hunter 5, sai kuma The Settlers 7, da sabon tsari: dole intanet ya kasance a haɗe tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Sabis ya ɗauke, wasa ya tsaya. Cikin 'yan kwanaki sabar kamfanin ta durƙushe, Ubisoft ya ce hari aka kai mata, waɗanda suka biya kuɗinsu suka kasa shiga. A watan Afrilu wata ƙungiyar masu kutse mai suna Skidrow ta fitar da kwafin Assassin's Creed II da ba ya buƙatar intanet. A Satumban 2012 Ubisoft ya sanar cewa ya riga ya bar wannan tsari, ya koma ga tabbatarwa sau ɗaya.

Adalci ne a ji ta bakin kamfanonin, don ba banza suka ɗauki wannan hanya ba. Babban wasa yana cin miliyoyin daloli da aikin ɗaruruwan mutane na shekaru, kuma mafi yawan cinikinsa a makonnin farko ake yi. Ko wata guda kwado ya yi kafin a fasa shi, a lissafinsu ya biya kuɗinsa. Sannan idan wani sashe na wasan yana zaune a sabar kamfani, ɓarawo ba shi da cikakken abin da zai kwafa. Akwai kuma batun maguɗi, da ajiye wa ɗan wasa inda ya tsaya, da haushin da kamfanoni ke ji na shagunan da ke sayar da faifan hannu, ba tare da ko kwabo ya koma ga wanda ya yi wasan ba.

Da irin wannan hujja Blizzard ya fito da Diablo III ranar 15 ga Mayu, 2012. An saka wa wasan kasuwar gwanjo inda ake sayar da makamai da sulke na cikin wasa da kuɗi na gaske, don haka kamfanin ya ce dole kowa ya kasance a kan saba, kada wani ya ƙera kayan jabu a ɗakinsa ya kawo kasuwa. An sayar da kwafi sama da miliyan 3.5 cikin awa 24, amma abin da jama'a suka fi tunawa shi ne saƙon kuskure mai lamba 37, wanda ke nufin saba ta cika. A Koriya ta Kudu hukumar kula da adalcin ciniki ta kai samame ofishin Blizzard da ke Seoul saboda koken masu neman a mayar musu da kuɗinsu. A 2013 aka fitar da wasan a PlayStation 3 da Xbox 360, ana buga shi lafiya lau babu intanet. A Maris na 2014 aka rufe kasuwar gwanjon ɗungurum, amma na kwamfuta ya ci gaba da neman intanet. Hujjar ta tafi, sharaɗin ya zauna.

Shekarar 2013 ita ce ta fi zafi. Ranar 5 ga Maris EA ya fitar da sabon SimCity, wasan gina birni wanda tun 1989 mutum shi kaɗai yake buga shi. Saba ta kasa, mutane suka yi ta jira a layi, wasu biranen da suka gina suka ɓace, har Amazon ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci. Shugabar sashen Maxis da ya ƙirƙiri wasan, Lucy Bradshaw, ta ce wani babban kaso na lissafin wasan a saba ake yin sa, don haka raba shi da intanet babban aiki ne. Ba a jima ba wani mai taɓa manhaja ya nuna wasan yana tafiya babu haɗi. EA ya ba masu saye kyautar wasa guda don ban haƙuri, kuma a Maris na 2014 ya kawo hanyar wasa babu intanet. Bayan shekara guda aka rufe babban ofishin Maxis da ke Emeryville, a daidai watan da wani ƙaramin kamfanin ƙasar Finland, Colossal Order, ya fitar da Cities: Skylines ya kwashe masoya gina birane.

Ana cikin wannan ne Microsoft ya taho da sabuwar na'urar wasa, Xbox One. A watan Afrilu wani jami'in kamfanin, Adam Orth, ya yi wa masu ƙorafi shaguɓe a Twitter cewa su haƙura, haka zamani ya zo. Cikin 'yan kwanaki ya bar aiki. A watan Yuni kamfanin ya bayyana cewa na'urar za ta riƙa neman tabbaci duk awa 24, in ba haka ba wasanni su kulle, kuma za a taƙaita bayar da aron faifai da sayar da shi. Da aka tambayi shugaban sashen, Don Mattrick, makomar waɗanda ba su da intanet, sai ya ce ai akwai tsohuwar Xbox 360. Mutanen karkara da sojojin da ke aiki a jiragen ruwa suka ji wannan magana a jikinsu. Sony bai yi wata-wata ba, ranar 10 ga Yuni ya sanar cewa PlayStation 4 ba ta da wannan sharaɗi, kuma dala 399 ce, ta Microsoft kuwa 499. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya janye komai. Garin gyaran gira ya kusa rasa ido.

A gefe guda akwai waɗanda suka gwada akasin haka. Kamfanin CD Projekt na Poland ya buɗe shagon GOG a 2008, yana sayar da wasanni babu kwado ko ɗaya. Da ya fitar da The Witcher 2 a 2011, na faifai yana da kwado, na GOG babu, amma shugabannin kamfanin suka ce mai kwadon ne masu kutse suka fara yaɗawa. The Witcher 3 na 2015 ya fito a GOG a buɗe, ya kuma sayu miliyoyi. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya taɓa bayyana ra'ayin cewa satar fasaha yawanci tana bin inda ɗan kasuwa ya gaza wajen sauƙaƙa wa mai saye.

Bayan 2013 kamfanoni sun daina kiran abin da sunan kwado, suka riƙa gina wasanni ta yadda intanet ya zama jininsu. A Maris na 2022 Gran Turismo 7 ya yi sama da awa 30 a kulle saboda gyaran saba, har da yawancin sassan da mutum ke tsere shi kaɗai. Sai kuma wata matsala ta daban ta bayyana, wadda ta fi ta ranar farko muni: ranar ƙarshe. Wasan Darkspore na EA ya mutu a Maris na 2016 da aka kashe sabarsa. The Crew na Ubisoft, wasan tseren mota na 2014 mai labarin da mutum zai iya bi shi kaɗai, an kashe shi ranar 31 ga Maris, 2024. Kamfanin ya kawo dalilin ɗawainiyar saba da ƙarewar lasisi, daga baya ma ya cire wasan daga asusun waɗanda suka saya. Faifan da ke hannun mutane ya zama marfin kofi.

Wannan ne ya sa wani mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games a Afrilun 2024. Buƙatarsu ita ce, idan kamfani zai janye hannunsa daga wasa, ya bar shi a yanayin da zai ci gaba da aiki. Takardar koken da aka buɗe wa 'yan Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta ce hakan zai ƙara tsadar ƙira ya kuma takura masu fasaha. Duk da haka Ubisoft ya yi alƙawarin hanyar wasa babu intanet ga The Crew 2 da The Crew Motorfest. Jihar Kalifoniya kuma ta yi dokar da ta fara aiki a 2025, wadda ta tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa idan ya danna maɓallin saye.

Kada mai alƙalami ya ɗauka wannan gobarar gidan maƙwabci ce kawai. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge kwafin littafin 1984 na George Orwell, saboda wanda ya ɗora shi ba shi da izini. An mayar da kuɗi, Jeff Bezos ya nemi afuwa, amma kowa ya gane cewa littafin da ke hannunsa aro ne. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Marubuciyar da ta kwana tana rubutu a waya, washegari ta ga an fitar da littafinta na kuɗi ana rabawa kyauta a WhatsApp, ta san zafin da Ubisoft da EA suka ji, kuma tana da gaskiya idan ta nemi kariya. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, kusan duk kwadon da ke zaune a kwamfutar mai saye an fasa shi, wanda kuma ke zaune a sabar kamfani yana mutuwa tare da sabar, ya tafi da aikin ɗaruruwan mutane. Masu zane da marubuta labarin The Crew ba su da hanyar halal da za su nuna wa 'ya'yansu abin da suka yi. Monkey Island kuwa, mai faifan kwali, har yau ana buga shi.

Saboda haka kafin ka amince da kowace manhaja ko wani tsari da zai kulle aikinka, yi tambaya uku. Wa zai fi shan wahalar kwadon, ɓarawo ko mai saye? Mai karatun da datarsa ta ƙare ko sabis ya ɗauke a garinsu, zai iya buɗe abin da ya biya? Ranar da kamfanin ya rufe, ina littafinka zai kwana? Ka ajiye cikakken kwafin aikinka a hannunka, kuma kada ka sa hannu a yarjejeniyar da ba ta amsa ta ukun ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.