Kyanwar Farisa da Matajin da Ya Zame Mata Dole

Duk wanda ya taɓa ganin kyanwa a gindin bango tana lasar jikinta ya san ba ta jiran kowa ya yi mata wanka. Harshenta ne soso, shi ne mataji. Amma akwai jinsin da harshen ya gaza masa, wato 'yar Farisa, kuma da hannun ɗan Adam a ciki dumu-dumu.

Wajen shekarar 1620 wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya rubuto wasiƙa daga Isfahan ta ƙasar Farisa yana yabon kyanwoyin Khurasan masu dogon gashi mai santsi. A ƙarnin nan dai wani masani Bafaranshe, Peiresc, ya sa aka kawo masa irinsu daga Angora, wato Ankara ta yau. 'Yar Angora ba ta da wahala sosai, domin gashinta shimfiɗa ɗaya ne, ba shi da tattausan gashi mai kauri a ƙarƙashi.

A Ingila ne abin ya sake salo. A 1871 Harrison Weir ya shirya baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, daga nan kiwo ya koma gasa. Alƙalai suka fi karkata ga mai cikar gashi da faɗin kai, masu kiwo kuwa suka bi inda kyauta take. Dogon gashi gado ne da ba ya bayyana sai ɗa ya samo shi daga uwa da uba duka, don haka aka riƙa haɗa mai gashi da mai gashi, har 'yar Farisa ta shafe 'yar Angora a fagen gasar.

Gashi ya yi yawa, gyara ya zama sana'a. Wata dabarar masu kai kyanwa gasa ita ce wankan dusa: a ɗumama dusar, a cuɗa ta cikin gashin ta tsotse maiƙo da datti, sannan a karkaɗe da buroshi. Dusar da ake jiƙa wa tumaki ce fa! Farare kuma a barbaɗa musu hoda.

A shekarun 1950 aka ƙara wani nauyin, lokacin da kyanwoyi masu shafaffen hanci suka samu karɓuwa a Amurka. Irin wannan fuska na hana hawaye bin hanyarsa, sai ya gangaro ya ɓata gashin kunci, dole a riƙa share shi kullum.

Sai a 2018 Alexis Noel da David Hu na jami'ar Georgia Tech suka bayyana takamaiman inda matsalar take. Ƙayoyin da ke sa harshen kyanwa kaushi tsawonsu kusan milimita 2 ne, bakinsu da ɗan kwarmi da ke ɗibar yawu ya kai shi har fata. Gashin 'yar Farisa kuwa, ko harshen ya danne shi, kaurinsa ya fi tsawon ƙayoyin. Tana lasa, amma iyakarta sama.

Abin da ke ƙasan sai ya cure, musamman a hammata da bayan kunne da ciki da cinyoyi. Shi ya sa masu kiwonta ke bin ta da matajin ƙarfe kowace rana, suna tsefewa har tushe. Ruwa ƙara ɗaure curin yake, almakashi kuma kasada ne, domin fatar kyanwa siririya ce, tana biyo curin idan aka ja. In ya gagara, likitan dabbobi ne zai aske ta, a bar mata geza da tukun wutsiya kamar zaki.

Akwai dai sauƙi ga mai gudun wannan wahala. A shekarun 1960 aka amince da sabon jinsi mai suna Exotic Shorthair, mai fuskar 'yar Farisa da gajeren gashi, wanda masu kiwo ke yi wa laƙabi da Farisar malalaci.