Aguwa, magariya da burtali: yadda aka shata ƙasar Daura

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango da rani, ya sauka daga kwalta ya kutsa cikin gonaki, zai ci karo da layin aguwa a tsaye ba ganye, rassanta masu kauri ruwan toka. Wani wuri layin ya miƙe iyakar ganinka, wani wuri ya yanke, sai ka yi 'yar tafiya kafin ka sake samun gindi uku ko huɗu. Haka abin yake ta wajen Sandamu da Baure da Mai'aduwa. Waɗannan guntayen layuka ragowar shingen da kakanninmu suka raba gona da hanya ne, kuma ina ganin tarihinsu ya cancanci a faɗe shi kamar yadda ake faɗin na rijiyar Kusugu.

Sai an san yadda shekarar manomi take tafiya sannan za a gane amfanin shinge a wurinmu. Da damina awaki da tumaki suna turke, yara su yi musu ciyawa, shanu kuma a kora su daji. Da an kwashe gero da dawa da wake, sai a saki dabbobi. Gonar hatsi da gangan ake barinta a buɗe, domin manomi yana son Bafillace ya sauka a cikinta, shanu su ci kara su bar taki, har ma ya ba shi damin gero don ya daɗe. Abin da ke bukatar tsaro shi ne wanda ke tsaye a gona bayan kaka: rogo, lalle, garkar bayan gida, lambun fadama. Sai kuma burtali, hanyar da shanu ke bi ta tsakiyar gonaki zuwa mashaya da makiyaya lokacin da shuka take kore. Nan ne aikin shinge ya fi nauyi, domin garke ba ya jin magana idan ya hango gero ya yi kai.

Shari'a ma ta san da wannan. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da ita tun ɗaruruwan shekaru, ɓarnar da dabba ta yi da dare tana kan mai dabbar, da rana kuwa tsaron gona yana kan mai gona. Asalin hukuncin hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib ne da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ya gamu da shi. Saboda haka idan aka kai ƙarar ɓarna gaban mai unguwa ko dagaci, tambayar farko ita ce da rana ne ko da dare, ta biyu kuma ina shingenka. Mutumin da ya bar gefen burtalinsa a buɗe ya riga ya raunana hujjarsa.

Kafin zuwan Turawa shingen ƙaya yana da wani aiki da ya fi wannan tsanani. A farkon ƙarni na 19 Malam Isiyaku, mai tutar Shehu Usmanu, ya ci Daura, sarkinta, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, ga kuma Damagaram daga arewa da dawakinta. Shekara kusan ɗari ƙasar nan tana tsakanin masu iko daban-daban, hari kuwa ba ya sallama. Birni yana da ganuwa. Ƙauye ba shi da ƙarfin gina ta, sai ya yi kafi da itace, ya bar sarƙaƙiya ta rufe bayansa, a bar 'yar ƙofa ɗaya ko biyu da ake toshewa da ƙaya idan rana ta faɗi. Doki ba ya ratsa sarƙaƙiya, mai tafiya a ƙasa ma sai ya bar fatarsa a ciki. Manyan birane su ma ba su raina ta ba: sojojin Ingila da suka iso Kano a 1903 sun tarar da gwalalon bayan ganuwa cike da ƙaya mai rai.

Da Turawa suka mayar da Malam Musa, na gidan sarautar da aka fitar, kan gadon Daura a 1906, aka kuma shata iyaka da ƙasar Faransa, hari ya kau. Mutane suka fito daga cikin kafi suka bazu, kowa ya kafa gida kusa da gonarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka shiga sheme daji. A tsawon mulkin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, gona ta riƙa matsar gona har ya zama dole a ware wa shanu hanya a kuma tsare ta. Wani likita Bature, Dalziel, da ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa a littafin da ya fitar a 1916, ya sa aguwa cikin abin da ake shinge da shi a arewa. Wasu wurare ayyara suke ce mata, wasu aliyara.

Na ga yadda ake dasa ta a hannun mahaifina, Allah ya jiƙansa, a gonarmu ta bakin burtali. Lokacinta bazara, sa'ad da zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas amma ruwa bai sauka ba. Zai je tsohon layi da adda ya saro rassa masu tsawon kamu ɗaya ko fiye, mu kuma mu kwaso mu jibge a inuwar gawo. Ba a dasawa ran nan. Sai an bar su 'yan kwanaki ƙaron ya tsane, bakin saran ya bushe, in ba haka ba ruɓewa za su yi a ƙasa. Ƙaron fari ne fat, yana danƙo a hannu. Kullum sai ya ja mana kunne: "Kai, kada wanda ya sosa ido." Wanda ya manta kuwa zai wuni yana hawaye. Daga nan a ja rami da hauya, a jera rassan kusa da kusa, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba, a mayar da ƙasa a danne da diddige. Ko ɗigon ruwa ba a zuba musu. Nakan ce, "Baba, ba za su mutu ba?" Sai ya ce, "Ruwanta yana cikinta." Da an yi ruwan shuka, kafin a gama noman farko, sai ka ga ƙananan ganye sun fito a kan kowane reshe.

Aguwa ba ta da ƙaya, kuma da rani takan zubar da ganye. Ƙarfinta shi ne dabba ba ta cin ta, gara ba ta damunta, tana kuma tare yashin da iska ke kwasowa, shi ya sa a Nijar ake dasa ta don tsayar da tudun rairayi. Rauninta kuwa gindi ne: idan ta tsufa ƙasanta yakan buɗe, ɗan akuya ya sulale ta ciki. A nan magariya take shigowa. Mahaifina yakan saro rassanta, ya jawo su da gwafa don hannu ba ya taɓa su, ya cusa a kowace kafa. Ƙayar magariya biyu-biyu take, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, ta farko ta soke ka, ta biyu ta riƙe riga. Akuyar da ta gwada sau ɗaya ba ta komawa.

Akwai sauran itatuwan shinge, kowanne da wurinsa. Dashi yana kamawa daga reshe kamar yadda aguwa take yi, ga shi da tsini, sai dai awaki suna son ganyensa. Bini-da-zugu baƙo ne daga tsakiyar nahiyar Amurka, 'yan Fotugal suka yaɗa shi, ya zauna da mu har ya zama na gida a bayan gidaje da maƙabartu. Wajen 2007 duniya ta yi ta kururuwar za a riƙa tatsar man mota daga 'ya'yansa, maganar ta mutu, shi kuwa yana nan yana aikinsa na da. Mata sun fi son zogale da lalle a jikin danga, don shingen ya ba su abin kwaɗo da abin ƙunshi.

Wanda ya fi damuna shi ne shingen busasshiyar ƙaya. Shi ne mafi sauƙi: ka ɗauki gatari ka sassare bagaruwa da farar ƙaya da aduwa, ka kewaye lambunka cikin yini biyu. Amma gara tana cin sa, masu neman itacen girki suna zare shi, baɗi sai ka sake. Mai rogo ɗaya yana iya aske itatuwa da yawa kowace shekara, masu rogo kuwa ba su ƙirguwa. Ƙasar da ruwanta na wata huɗu ne ba ta iya biyan wannan bashi. Tun a 1935 wani masanin daji Bature, Stebbing, ya yi kukan hamada tana matsowa, har Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya bi iyakar nan a 1936 da 1937. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka kashe abin da gatari ya rage. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 an yi babban aikin dashen itatuwa da tallafin ƙasashen Turai, aka ja layukan darbejiya don karya iska, yanzu kuma ga hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015. Duk aikin alheri ne. Sai dai darbejiya inuwa take bayarwa, ba ta hana saniya shiga gona, kuma ban ga an ba tsohon shingen manomi rabin kulawar da aka ba ta ba.

A wannan tsakanin burtali ya yi ta ƙanƙancewa. Gado yana rabuwa, gona tana ƙarami, sai mutum ya tumɓuke aguwar bakin hanya ya ƙara kunya biyu. Maƙwabcinsa ya gani ya yi haka. Hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma wadda amalanke ke bi da ƙyar. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda, amma takarda ba ta tsaya a bakin gona. Ranar da aka cire layin aguwa, shaidar iyaka ta tafi tare da shi, domin dattijon da zai ce nan ne burtali ya tsaya da ita yake nunawa. Ba na cewa wannan kaɗai ne ya haddasa rikicin manoma da makiyaya da ya addabi jiharmu. Dalilansa suna da yawa, wasu sun fi ƙarfin ƙauye. Amma faɗa da dama da aka zubar da jini a kansu sun fara ne daga saniya ɗaya da ta leƙa gonar da ba abin da ya tare ta.

Masu ganin shingen ƙaya abin talaka ne su dubi Indiya. A ƙarni na 19 Turawan Ingila sun ja layin kwastan mai tsawon kusan kilomita 4,000 don hana fasa-ƙwaurin gishiri, kuma dogon sashe nasa shinge ne mai rai, wani wuri tsayinsa ya kai ƙafa 12. Cikin manyan itatuwan da aka yi shi da su akwai magariya da bagaruwa, irin namu ɗin nan. An yi watsi da shi a 1879. Zalunci aka yi da shi, amma ya nuna abin da waɗannan itatuwa za su iya. A Amurka ma da ƙaya mai rai manoma suke kewaye gonaki kafin Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874. Wayar ta iso mana, tana da tsada, tana tsatsa, ɓarawo yana naɗe ta cikin dare ɗaya.

Yanzu kuma matasanmu masu gina gidaje a sababbin unguwannin Daura suna nuna wa juna hoton wani shinge a waya, Pyracantha, ɗan dangin fure mai ƙaya da ke fitowa daga kudancin Turai zuwa ƙasar Sin. Kyakkyawa ne, ba musu: ganyensa kore duk shekara, farin fure, jajayen 'ya'ya cunkus, ga ƙaya mai tsawo. Na fahimci abin da ya ja hankalinsu. Amma ɗan ƙasar sanyi ne, bazararmu kuwa takan haura digiri 40, ga wata bakwai ko takwas ba ruwa. Wanda zai raya shi sai ya riƙa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Inda ya sami yanayin da yake so, kamar Afirka ta Kudu, tsuntsaye sun baza irinsa har hukuma ta sa shi cikin tsirrai masu mamaye ƙasa. Mai son kore da ƙaya a lokaci guda yana da kurna da aduwa, waɗanda ba su tuɓe ganye gaba ɗaya ko da tsakiyar rani, kuma idan aka shuka su kusa da kusa ana datse musu kai, sukan cukurkuɗe tun daga ƙasa. A yankin Segu na Mali, tun shekarun 1990 masu bincike suka gwada wa manoma shinge mai rai na magariya da bagaruwa da lalle a madadin busasshiyar ƙaya. Wahalarsa shekara biyu zuwa uku ta farko ce, lokacin da dole a kare shi daga awaki. Bayan nan shi ke kare kansa, ya ba da 'ya'ya, ya ba majema bagaruwar jima.

Kirana ga hakimai da dagatai da arɗo-arɗo na masarautar Daura shi ne su bi burtalolin da suka rage tun dattawan da suka san bakinsu suna raye, a sake jan layin aguwa gefe da gefe, manomi da makiyayi suna tsaye a wurin. Ma'aikatan gandun daji kuma su ware wa magariya da kurna wuri a gidajen renon itatuwa. Reshen aguwa ba a sayensa, yana nan a tsohon layi, kuma lokacin saransa watan Afrilu zuwa Mayu ne, kafin ruwa ya sauka.