Tsofaffin Tsabar Kuɗi a Garwa: Daga Leppi Zuwa Sefa

Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, kuma tun ƙarni na 19 mahaɗar fatake ce. Kuɗi iri-iri sun ratsa kasuwarta, kowanne da hukumar da ta zo da shi. Abin da ya saura daga cikinsu yau yana wuyan mata, da gaban maƙeran fari, da hannun dillalan kayan da, sai kuma masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi.

A 1851, lokacin da Garwa take ƙarƙashin daular Adamawa wadda Modibbo Adama ya kafa, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya isa Yola. Ya tarar wuri ba ya ci a kasuwa. Da sawayen farin saƙi ake ciniki, waɗanda Fulani ke kira leppi. A Kano kuwa, a wannan shekarar, wuri 2,500 ne ke sayen liyari ɗaya. Daga baya wuri ya bazu zuwa Adamawa ta hannun fataken Hausawa masu neman hauren giwa da bayi. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne, cikin tekun Indiya, kuma nauyinsa ne babban aibinsa: keso ɗaya, wato wuri 20,000, kayan mutum guda ne.

Liyari shi ne wanda ya fi daɗewa a gidaje. Azurfa ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Taresa, nauyinsa giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce zalla. Ya shigo ta hanyoyin Sahara da Borno. Wanda ya riƙe shi a tafin hannu zai ga mace mai lulluɓi a fuska ɗaya, gaggafa mai kai biyu a ɗaya fuskar, da lambar 1780. A nan ne sabon mai tarawa yakan yi kuskure, ya ɗauka tsabar ta haura shekara 240. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan, har zuwa zamaninmu, wannan lamba yake ɗauke da ita, domin 'yan kasuwar Afirka da Larabawa ba su yarda da wata kama ba. Matan Fulani da na Larabawan Shuwa sun mai da shi ado da ajiya a lokaci guda. Maƙeri yakan lanƙaya masa ɗan kunne a ratsa zare, a rataya a wuya ko a saƙala a kitso. Wasu an narkar da su an yi mundaye da zobba. Masu tara kuɗi na Turai suna rage wa mai kunne daraja, suna cewa an ɓata shi. A ganina wanda fuskarsa ta goge saboda daɗewa a ƙirjin kaka da uwa da ɗiya ya fi sabo fil ba da labarin ƙasar nan.

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901. Ba su buga wa Kamaru tsabar kanta ba, kuɗin ƙasarsu, wato maki, suka kawo, kuma bai daɗe ba: a Yunin 1915 sansaninsu na Garwa ya miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa.

Da Faransawa ne sunan Kamaru ya fara fitowa a jikin tsaba. Tsakanin 1924 da 1926 aka buga santim 50, da faran ɗaya, da faran biyu. Sai na 1943, waɗanda suka fi jan hankalin masu tarawa. A lokacin Faris tana hannun Jamus, Kamaru kuma ta bi Janar De Gaulle tun 1940, don haka a Firitoriya ta Afirka ta Kudu aka buga su, da tagulla, zakara a fuska ɗaya, gicciyen Loren a ɗaya. Iri biyu ne: a jikin ɗaya an ƙara kalmar Faransanci mai nufin 'yantacciya bayan sunan ƙasar. Wanda ya haɗa duka biyun ya yi dace.

Ta yamma kuma, kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma suna shigowa daga Yola ta ruwa da ta tudu: sule, sisi, da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Hujin ya sa ana shirya su a igiya kamar yadda aka saba yi da wuri. Naira ta shigo kasuwar kan iyaka daga 1973.

An ƙirƙiri sefa ranar 26 ga Disamba, 1945. A 1958 aka fito da tsabar faran 5, 10 da 25 masu kawunan dabbobi uku a jere, kuma su ne aka sa a faran 50 na tunawa da 'yancin kai na 1 ga Janairu, 1960. Dabbar wata ƙatuwa ce dangin gwanki, mai murɗaɗɗen ƙaho, kuma gandun dajin Binuwai da na Buba Njida, duka a Yankin Arewa, suna cikin 'yan wuraren da ta rage a duniya. Mutumin Garwa da ke biyan kuɗin ƙosai da irin wannan tsaba, dabbar dajinsu ce yake miƙawa. Bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wanda aka kafa a 1972 kuma yake da reshe a Garwa, ya ci gaba da buga ta shekaru da yawa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ƙananan tsaba suka kusa zama ba su sayen komai.

Sunayen tsofaffin kuɗin dai ba su bar baki ba. Bahaushen Nijar yana kiran faran biyar dala, Balaraben Shuwa a Kusuri yana ce masa riyal, dukansu sunayen manyan tsabar azurfa ne na da. Bafulatanin Garwa kuma idan ya ce booro, wato jaka, faran dubu yake nufi.