Tsuntsayen da Ba Mu Ƙirga Ba

Ranar da na fara riƙe madubin hangen nesa, a cikin kwalekwale nake a fadamar Dagona, ana tsakiyar hunturu, ina ɗan saurayi mai ɗaukar wa masu ƙidayar tsuntsaye jaka. Wanda ya miƙo mini madubin ya nuna wasu fararen tsuntsaye biyu a bakin ruwa, ya ce in faɗi sunansu. Na ce ai balbelu ne. Dattijon da ke tura mu da gora ya ce, "Sake dubawa, ɗana. Guda ce balbela. Waccan mai baƙin baki ba ta bin shanu, a ruwa take kiwo. Bari ta ɗaga ƙafa ka ga yatsunta rawaya." Ta ɗaga, na gani. Dattijon nan bai taɓa buɗe littafin tsuntsaye ba, amma abin da ya faɗa shi ne a littafin, babu ragi.

Wannan sana'a tamu ta kallon tsuntsaye da bindiga ta shigo ƙasar nan. A farkon zuwan Turawa, in ana son a tabbatar da irin tsuntsu sai a harbe shi, a feɗe, a cusa wa fatar auduga, a ɗaura mata 'yar takarda a ƙafa, a aika Ingila. Haka Boyd Alexander ya yi lokacin da ya ratso ta Borno da Tafkin Chadi a tafiyar da ya fara a 1904. Haka Angus Buchanan ya yi a 1920, da ya tashi daga Kano ya nufi Agadas da duwatsun Azbin yana tara wa gidan tarihin Rothschild fatu. Daga irin waɗannan fatu ne David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i takwas kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, tsakanin 1930 da 1951. Aiki ne babba, har yau muna cin gajiyarsa. Sai dai baƙon da ya sauka jiya ba shi zai san inda tuje ke kwana ba, ko lokacin da ɗinya ke sauka fadama. Mafarauta da masunta ne suka kai su, mutanen da suka san halin tsuntsu har suna ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa namun daji ba su tsorata ba. Kaɗan ne daga cikinsu sunansu ya shiga takarda. Abin da ya tsira na iliminsu, mafi yawa a ƙamus ɗin Bargery na 1934 na same shi, inda sunayen tsuntsaye suke warwatse tsakanin sauran kalmomi.

An ajiye bindiga an ɗauki madubi da raga bayan samun 'yancin kai. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, kuma arewa na da babban kaso a cikinta. Hilary Fry yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana bin tsuntsayen nan masu jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, masu haƙa ramuka a gaɓar rafi. Bob Sharland yana Kano yana kama tsuntsaye da raga, ya sa musu zobe mai lamba a ƙafa ya sake su. A ƙarshen shekarun 1960 an je Malam Fatori a bakin Tafkin Chadi ana auna nauyin 'yan ƙananan tsuntsayen Turai, aka ga yadda suke tara kitse kafin su ƙetare Sahara. Mujallar ƙungiyar ta koma Malimbus a 1979, ta haɗe Afirka ta Yamma duka, John Elgood kuma ya fitar da jerin tsuntsayen Nijeriya a 1982. Yanzu jerin ya haura iri 900.

Mu 'yan ƙasa ta ƙofar fadama muka shiga da yawa. A 1987 aka fara shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, bayan madatsar Tiga ta rage ambaliyar da ke cika fadamun, kafin ta Challawa ta zo ta ƙara. Shirin yana bukatar masu ƙirga agwagin ruwa kowane watan Janairu, lokacin da baƙin tsuntsayen Turai suke nan da yawa. A nan muka koyi ƙirga garke a sama, goma-goma, ɗari-ɗari, kafin ya ɓace bayan kachala. A nan kuma muka koyi cewa ido kaɗai ba ya isa. Ƙirinjijiya tun ba ka gan ta ba fitonta ya sanar da kai ita ce. Zakaran ƙeƙuwa kuwa da ya hango ka zai tayar da kowa da kururuwa, ƙidayar wannan wuri ta lalace.

Ga abin da nake gaya wa duk yaron da aka kawo mini ya koya: ya rabu da neman baƙon tsuntsu, ya fara da kurciyar da ke gidansu. Bahaushe yana cewa kurciya kawai, amma zauna ƙarƙashin gawo da safe ka ƙura ido. Akwai ƙaramar nan mai ɗige-ɗige a ƙirji wadda ba ta da baƙin layi a ƙeya, kukanta kamar dariya. Akwai mai baƙin layi a ƙeya, mai kuka da sauri ba ƙaƙƙautawa cikin tsakar rana. Akwai wata mai layin ita ma, amma idonta rawaya ne da jan da'ira, kuma ba ta nisa da ruwa. Bardo daban yake da doguwar wutsiyarsa, hasbiya kuma girmanta da jan da ke kewaye da idonta sun ishe ka. Wanda ya iya raba waɗannan ya koyi duba baki da ido da wutsiya, ya koyi sauraro, ya koyi tambayar kansa a ina ya ga tsuntsun kuma a wane wata. Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Mulufi da damina ja ne da baƙi, ba mai kuskure shi a kan karan gero. Da rani ya tuɓe rigar ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa, ya shiga cikin garken jan baki, sai mai haƙuri ke fitar da shi. Shirwa kuwa wutsiya ce ke tona ta, mai baki biyu, tana murɗa ta a iska. In bakinta rawaya ne tamu ce ta Afirka, in baƙi ne kuma tsuntsuwar babba ce, to baƙuwa ce daga arewa.

Darajar kunne a wannan aiki, labarin Robert Payne ya nuna ta. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a tsaunukan Jos da ke saka ƙwansa a sheƙar wani, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Payne ya bi wannan kuka har ya kai ga mai sheƙar, wani ɗan jan tsuntsu mai tokar kai da ke zaune cikin duwatsu, wanda masana ba su taɓa rubutawa ba. A 1998 ya bayyana shi a matsayin sabon iri. Ana ganinsa a dajin Amurum kusa da Laminga, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001 tare da Jami'ar Jos. Wannan cibiya ce ta sauya fuskar sana'ar. Daga nan 'ya'yanmu suka fara fitowa da digiri na biyu, daga nan kuma aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi, matasa suna shiga da waya suna rubuta duk abin da suka gani, har hankaka da tsattsewa.

Wannan "har hankaka" ita ce darasin da muka biya da tsada. Shekara da shekaru hankalin masu wannan aiki yana kan baƙin Turai da tsuntsayen da ba a cika gani ba. Na gida ba a damu da ƙirga su ba, ana ganin ba za su ƙare ba. Ina yaro babu mahautar da za ka je ba ka tarar da ungulaye jere a kan katanga ba. Yau sai ka ratsa garuruwa da dama ba ka ga ko ɗaya ba, saboda guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu. A 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka, mai tukkun zinariya, an kame shi ana kai wa gidajen masu hali, fadamunsa kuma suka bushe, har ya zama da wuya a gan shi a dajin Nijeriya. Da muka farga muka nemi tsofaffin alkaluman da za mu gwada, sai muka tarar ƙalilan ne.

Shamuwa tana nan tana zuwa gab da damina, cilakowa tana nan, tsanwaka tana nan a kan wayar lantarki. Mai karatu, in shamuwa ta sauka a garinku bana, rubuta ranar, ka ƙirga sheƙunan da ke kan bishiyar, ka sake ƙirgawa baɗi. In kuma akwai tsohon maharbi ko masunci a unguwarku, je ka gaishe shi da takarda a hannu, ka rubuta sunan kowane tsuntsu yadda ya faɗa, da yadda yake gane shi.