Daga Bariki Zuwa Gareji: Yadda Motar Soja Ta Zama Janwe

Duk direban da ya taɓa ɗauko lodin masara daga ƙauyukan Kauru a watan Agusta ya san ranar da ake neman janwe. Taya ta nutse a laka har aksul, yaron mota ya gaji da cusa duwatsu da reshen itace, dare na yi. Abin da ke zuwa ceto sau da yawa wata tsohuwar mota ce mai dogayen ƙafafu, koren fentinta ya koɗe, an girke mata ƙarfen ɗagawa a baya. A bariki ta fara rayuwa.

Kafin mota, jirgin ƙasa ne sarkin kaya a wannan yanki. Ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Dutsen Wai da Rahama ya isa Bukuru a 1914, domin kuzar Jos. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo. Amma jirgi ba ya shiga gona. Daga Kauru ko Geshere zuwa tasha, sai jaki da kan ɗan Adam.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafin. Turawan Ingila suka kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama, kuma ba kowa aka ba bindiga kaɗai ba. Wasu an koya musu tuƙi, wasu kanikanci. A hannunsu motoci irin Bedford QL suka yi aiki, mai ɗaukar tan 3, mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka ƙera fiye da 50,000 tsakanin 1941 da 1945. Da aka gama yaƙi, soja ta sallami mutane, ta yi gwanjon motocin da suka yi mata yawa. Sai ga mota mai araha, ga kuma wanda ya san cikinta, sun haɗu a kasuwa ɗaya. Kafinta ya ɗora bodin katako, aka shiga jigila. Ko da aka rufe ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos a 1957, mota ta riga ta ƙwace masa abinci.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya maimaita abin, da girma. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba ta kumbura zuwa kusan 250,000, da direbobinta da makanikanta. Daga baya Bedford RL da MK da Steyr ta Bauchi suka riƙa fitowa daga bariki idan sun tsufa. A fagen haya dai Marsandi 911 ta fi su farin jini, don ba ta shan mai kamar RL mai injin fetur. To me ya rage wa motar soja? Aikin da sauran ba sa iyawa: shiga daji, ɗauko katako da yashin rafi, da jan 'yar'uwarta in ta kafe.

A nan gwanintar bakanike ta fito. Motar da kamfaninta ya daina ƙera mata kaya, ba a zuwa shago a ce a ba da sabo. A cire injin fetur a dasa na gas. A sayi matacciya guda a ajiye a bayan gareji, ana yankar naman jikinta ana ciyar da mai rai. Abin da ya gagara, a kai Panteka a Kaduna a ƙera shi, musamman bayan 1986 da darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. Wutar motocin soja da yawa bolt 24 ce, batir biyu ke nan, kuma yaron da ya yi gangancin jona mata fitilar ƙaramar mota zai ga hayaƙi. Ga kuma sitiyari: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, alhali motocin sojan Ingila sitiyarinsu a dama yake, sai dai a juya shi ko a yi haƙuri da shi.

Ja kuwa ba ƙarfi ba ne kawai, ko da yake 'yan kallo haka suke zato. Mai janwe zai sauka ya zagaya motar da ta kafe, ya duƙa ya duba inda zai kama, don in ya ɗaura a bamba, bambar zai tafi da ita. A shasi ake kamawa. Ya sa a danna wa tayoyinsa waiji, ya kori mutane nesa da wayar ƙarfe, domin in ta tsinke ba ta tambayar sunan kowa. Sannan ya saka babbar giya, a hankali, yana sauraren kukan injin. In birkin motar ya mutu, ba a ja da sarƙa a gangara, sai da sandar ƙarfe, kada ta sauko ta same shi ta baya. Tirelar soja ma da nata hali: zobe ne da ita maimakon ƙwallo, sai an yi wa mota ƙugiya irin tata.

Yau akan ga DAF da MAN da sojojin Turai suka sallama, sun shigo ta jirgin ruwa. Ladan ja kuwa har yanzu a bakin laka ake cinikinsa, kafin a warware waya.