Abubuwan dubawa kafin a sayi kyamarar tsaro ta wajen gida

Kyamarar tsaro, wadda aka fi sani da CCTV, ta wuce bankuna da ofisoshin gwamnati ta shiga unguwanni. Sai dai magidanta da yawa ba sa gane ingancin abin da suka saya sai ranar da aka yi musu ɓarna, a lokacin ne ake tarar da na'urar a kashe saboda rashin wuta, ko hoton ya yi dishi-dishi, ko sabon ɗauka ya shafe tsohon. Amfanin kyamara ya rataya ne a kan abu uku: ta kasance a kunne a lokacin da abin ya faru, ta nuna fuska yadda za a gane ta, kuma hoton ya tsira har a nemi shi.

Wutar lantarki

Da wuta ake fara lissafi. A tsarin rabon lantarki na Najeriya, rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, rukunin E kuwa awa 4 kacal. Ko a rukuni na sama akwai sa'o'in duhu, kuma duhu shi ne kasuwar ɓarawo.

Kyamarorin ba su da cin wuta. Guda huɗu tare da akwatin naɗa hoto, wato DVR ko NVR, kan ci wajen wat 40 zuwa 50. Batirin inbata mai bolt 12 da 100Ah yana iya riƙe su kimanin awa 12 ba tare da an zuƙe shi fiye da rabi ba. Wanda ke da inbata ko sola sai ya tabbatar an haɗa kyamarorin da akwatin da na'urar intanet duka a layinta. Wanda ba shi da su yana iya duba kyamara mai faifan sola da batirinta, amma ya san cewa yawancin irinta ba sa ɗauka dare da rana. Suna farkawa ne idan sun ji motsi, wani lokaci kuma farkon abin ya wuce su. A damina ana bukatar na'urar kariya daga hauhawar wuta, domin tsawa da dawowar wuta da ƙarfi na ƙona akwatin.

Ƙura, ruwa da zafi

A jikin kwali ana rubuta IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce: 5 na jure feshi, 6 feshi mai ƙarfi, 7 kuwa nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Ga garin da ke fama da hazon hunturu da iskar farkon damina, IP66 ko IP67 ya fi dacewa.

Haka nan a duba iyakar zafin da na'urar ke ɗauka. Masu aiki da waya sukan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, masu batir da yawa kuma suna tsayawa a 45 ko 50. A Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu kan haura 40 a inuwa, bangon da rana ke duka kuwa ya fi haka. Saboda haka a kafa ta a ƙarƙashin rumfa ko indararo.

Kyan hoto da idon kyamara

Kyamara mai megafiksel 2, wadda ake rubuta wa 1080p, ta isa ƙofar gida inda mai shigowa ke wucewa kusa. Fili mai faɗi ko wurin ajiye motoci ya fi son megafiksel 4 zuwa sama. Idon kyamarar ma yana da tasiri. Mai milimita 2.8 yana ɗaukar wuri mai faɗi, amma mutumin da ke nesa yakan ƙanƙance. Mai milimita 4 ko 6 yana taƙaita fili, ya jawo fuska kusa. Kyamara ɗaya ba ta yin aikin biyu, don haka a ba mashiga mai jawowa, a ba haraba mai faɗi.

Da dare, yawancinsu suna amfani da hasken infrared wanda idon mutum ba ya gani, suna ba da hoto baƙi da fari zuwa nisan mita 20 ko 30. Masu farar fitila suna nuna launin riga da na mota. Ko wacce aka zaɓa, a gwada ta da dare kafin a kammala biyan mai haɗawa: wani ya tsaya a bakin get, a duba ko ana gane shi. A kafa ta a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku. Idan ta yi sama da yawa, hula kawai za ta riƙa ɗauka. Kada ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, kuma a riƙa share gilashin, domin ƙura da yanar gizo-gizo na mayar da hasken dare su dushe hoton.

Waya ko iska

Kyamarar Wi-Fi tana da sauƙin kafawa, amma katangar bulo da ƙofar ƙarfe na raunana sadarwarta, kuma yawancinsu suna bukatar wayar wuta duk da haka. Tsarin PoE ya fi tabbas, domin waya ɗaya ke kai wuta da hoto har nisan mita 100. A bi da wayar ta cikin bututu, inda hannu ba zai kai ya yanke ta ba. Ga kango ko sito ko gidan gona da babu intanet, akwai kyamarori masu ɗaukar layin waya na 4G, sai dai kallo kai tsaye yana cin data sosai.

Inda hoton ke kwana

Kyamara mai megafiksel 2 da ke ɗauka ba tsayawa kan cinye kusan gigabait 20 a rana. Guda huɗu za su cika faifan ajiya mai terabait ɗaya cikin kwana 12 ko kusa da haka, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Ɗan kasuwar da kan yi doguwar tafiya yana bukatar faifai mafi girma, ko ya saita ɗauka sai an yi motsi. Na'urar da ke da fasahar H.265 tana rage girman hoto da kusan rabi idan aka kwatanta da H.264. Faifan ma a sayi wanda aka ƙera don wannan aiki, irin su WD Purple ko Seagate SkyHawk.

Memori da ke cikin kyamara yana tafiya da ita idan aka cire ta. Akwatin da aka ajiye a falo kusa da talabijin shi ɓarawo zai fara ɗauka, don haka a ɓoye shi a wuri mai kulle da iska ke shiga. Ajiya a intanet tana tsira ko an sace na'urar, amma tana bukatar sadarwa mai ƙarfi da kuɗin wata-wata, sau da yawa da dala. A tambayi wannan kuɗi kafin saye.

Kalmar sirri

Kyamarar da ke kan intanet ƙofa ce, kuma tana bukatar makulli. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ƙwace dubun dubatar kyamarori da na'urorin gida da aka bari da kalmar sirrin kamfani, aka kai hari da su har manyan shafuka a Amurka suka tsaya. A 2023 kuma kamfanin Ring ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon hotunan gidajen abokan cinikinsa. Mai gida ya buɗe asusun da lambarsa ko imel ɗinsa, ya sauya kalmar sirri da zarar mai haɗawa ya gama, ya kuma riƙa sabunta manhajar.

Maƙwabta da doka

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu. Kyamarar da aka ɗora a bene tana hango tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke harkokinsu, tana iya haddasa husumar da ta fi satar da ake gudu. A karkatar da ita, ko a yi amfani da tsarin da ke rufe wani sashe na hoton. Idan aka yi ɓarna, a kwafi hoton nan take a miƙa wa 'yan sanda, maimakon watsa fuskar wanda ake zargi a WhatsApp ko Facebook. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura bisa sharuɗɗa, don haka a tabbatar kwanan wata da agogon akwatin daidai suke.

Kyamara shaida ce, ba ta tare ƙofa. Tana aiki ne tare da katanga mai kyau da fitilar waje da kwaɗo mai ƙarfi da maƙwabtan da suka san juna. Bayan an kafa ta, a riƙa buɗe hoton daren jiya ko da sau ɗaya a mako, don a tabbatar har yanzu tana ɗauka.